Takardar Filibus da Kwandon Sisiliya

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye, ana ce da ita Iya Tarana, wadda duk yankin babu mai daddawa irin tata. In ta buɗe kwandonta da safe, wanda ke hayin rafi ma ya san yau an buɗe. Shekara talatin da ɗoriya, duk ranar godiyar kaka a coci, da daddawarta matan zumunta ke kaɗa miyar kukar da ake ciyar da jama'a, kuma ba a taɓa komawa gida da ragowar miya ba.

'Ya'ya biyu ne suka rayu mata. Babbar, Sisiliya, ba ta taɓa taka ƙofar aji ba, amma tun ba ta kai tsayin turmi ba take tsugune a gefen uwarta, kuma da mijinta ya rasu gida ta dawo ta ci gaba da tsugunon. Ƙaramin, Malam Filibus, shi aka kai makaranta. Ya koyar da yara har ya yi ritaya, ya dawo da tabarau da agogo da alƙalami a aljihun gaba, ko da gona za shi.

Da Iya ta ga jiki ya ƙi, sai ta sa aka kira su. Ta ce, “Filibus, ɗauko takarda.” Tana faɗa yana rubutawa, tun daga dafa kalwa har zuwa shanya. Da ya gama sai ta jawo tsohon kwandonta, baƙi ƙirin, ta ɗora wa Sisiliya a cinya. Ta ce, “Takarda tana hannunka, kwando yana hannunki. In kun yi gardama, ku je wurin ƙanwata Gwamma.”

Filibus ya ji an ce takarda, daga nan kunnensa ya toshe. Sisiliya kuwa kunnenta bai buɗe ba sai da aka zo kan kwando. Maganar Inna Gwamma, bangon ɗaki ne kaɗai ya ji ta.

Iya ta rasu da damina. Saura mako uku godiyar kaka, sai ga uwar zumunta, Maman Dominik, ta yi sallama. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, “Sisiliya, ba wani abu ba ne. Matan ne ke cewa tunda Iya ta tafi, ko bana a sayo dunƙulen kanti kawai a jefa a miya, a hutar da ku.”

Sisiliya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce, “Dunƙulen kanti? A miyar godiya? Ina raye?”

“To, in za a samu irin ta da, a kawo. In ba za a samu ba, ba faɗa ba ne.”

Buhu ɗaya ne na kalwa ya rage a rumbu, wadda Iya ta tara da hannunta, kuma ɗorawa ba za ta sake 'ya'ya ba sai baɗi. In wannan buhun ya lalace, sunan gidan Tarana ya fita daga tukunyar coci ke nan. Sisiliya na jawo buhun sai ga Filibus da takarda a cikin leda.

Ya ce, “Yaya, dakata. Wannan aiki sai an bi shi a rubuce.”

“Kai, tafi can. Yaushe namiji ya fara daddawa?”

“Ni Iya ta ba amana. Ga ta nan baƙi a kan fari.”

“Takardar taka ta taɓa riƙe taɓarya?”

Suka yi ta yi har kaji suka watse. Daga ƙarshe suka raba kalwar kashi uku: ɗaya nasa, ɗaya nata, ɗaya a mayar rumbu, wanda tasa ta fi kyau shi zai ɗauka.

Filibus ne ya fara. Ya kafe takarda da ƙusa a jikin bishiya, ya ɗora tukunya, yana duba agogo yana duba wuta. Matan maƙwabta suka yi layi a bakin danga suna kallon tsohon malami yana kokawa da taɓarya, tabarau na zamewa a kan hanci. Amma a faɗi gaskiya, bai yi laifi sosai ba, sai da ya zo inda aka rubuta: a zuba, a rufe, a bar ta kwana uku.

Ya dubi kwandon Iya da ke rataye, ya yamutsa fuska. Ya ce, “Wannan ai gidan cuta ne. Rabonsa da sabulu tun kafin a haife ni.” Ya tafi kasuwa ya sayo sabuwar roba shuɗiya mai murfi, ya wanke ta fes, ya juye kalwa da ruwan jikinta a ciki, ya danna murfi, ya kai ɗakinsa ya ajiye a kan siminti kusa da taga, wai don ta sha iska.

Sisiliya na zaune tana tsinkar zogale, tana gani. Ta san kalwa ɗumi take so, ta san sai ruwa ya tsane. Kalma ɗaya da ta faɗa da ta ceci kashi guda na kalwar uwarta. Amma ta haɗiye ta, har da ɗan murmushi, tana cewa a ranta, bari boko ya yi aikinsa.

Ran kwana na uku Filibus ya fito da roba tsakar gida, ya gyara tabarau, ya ɗaga murfi. Abin da ya fito ba shi da suna. Kalwar ta yi gashi kore, ruwa ya kwanta a ƙasa yana kumfa. Karen gidan ya zo ya shinshina, ya yi atishawa, ya koma gidan maƙwabta da zama har kwana biyu.

Sisiliya ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Ta ce, “Malam, duba takarda mana, ko an rubuta a yi mata aski?”

Sai ta ɗora nata. Filibus ya ce ko ya karanta mata, ta ce ya karanta wa karen in ya dawo. Ta dafa kalwa wuni da kwana, ta surfa da toka, ta wanke ɓawo ya tafi tas, hannunta na tafiya shi kaɗai ba sai ta yi tunani ba. Da ta zo dahuwa ta biyu, inda ake jefa kanwa, sai ta tuna yadda Iya ke yi: takan zo da hannu a dunƙule, ta kai shi cikin tururi, ta buɗe. Saboda haka Sisiliya ta cika hannunta dam da kanwa ta antaya.

Filibus na tsaye a bayanta. Ya buɗe baki, ya tuna maganar aski, ya rufe.

Ta shimfiɗa ganyen gwanda a kwandon Iya, ta zuba, ta lulluɓe da tsofaffin buhuna, ta ajiye gefen murhu. Kwana uku ta buɗe. Ta tashi kam, ba a ce ba ta tashi ba. Amma ta narke ta zama kamar laka, in ka ɗanɗana tana cizon harshe. Sisiliya ta san ba haka ta Iya take ba, amma wa zai faɗa a gaban Filibus? Ta ce, “Haka take tun asali. Sai ta shiga miya.” Ta kaɗa miya da ita, gida duka aka ci.

Washegari da safe aka yi layi a ƙofar bayan gida. Filibus ya yi zuwa bakwai, kowane zuwa yana duba agogo. Sisiliya ba ta ƙirga nata ba, amma ta bayan rumbu take zagawa don kada ya gan ta.

Yanzu saura kwana takwas, saura kashi ɗaya. Sisiliya ta zauna ta tasa ragowar kalwar a gaba, ta kasa taɓawa. Tunda take ba ta taɓa jin tsoron tukunya ba sai ran nan.

Ana haka sai suka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Inna Gwamma ce, ƙanwar Iya, idonta ya kusa tafiya, haƙori saura biyu, amma hancinta ko na yarinya albarka. Ba ta jira an gama yi mata sannu da zuwa ba.

Ta ce, “Wari biyu ne suka kawo ni. Na farko na ce ko akuya ce ta mutu a rijiya. Na biyu na gane kwandon yayata ne ake wulaƙantawa. Me ta ce ku yi in kun yi gardama?”

Ta nuna su da sanda ɗaya bayan ɗaya.

“Kawo tabarma. Kai, ɗauko takardar. Ke, ɗauko kwandon. Za ka karanta layi ɗaya ka tsaya. Ba mai wucewa gaba sai mun gane na baya.”

Filibus ya gyara murya. “A dafa kalwa har ta yi.” Ya ɗago kai. “Kin ji matsalar, Inna. Har ta yi ɗin nan awa nawa ne? Ni awa goma sha biyu na ba ta.”

Inna ta ce, “Sisiliya, gaya masa.”

Sisiliya ta ce, “Ba agogo ake tambaya ba, kalwar ake tambaya. Ka ɗauko ɗaya ka matsa tsakanin yatsu. In ɓawon ya zame kamar an tuɓe riga, ta yi.”

Filibus ya ce, “Ashe.” Wannan ce kalma mafi gajarta da aka taɓa ji daga bakinsa.

Suka bi layi layi. Yana karantawa, tana nunawa da hannu, Inna na gyaɗa kai. Sisiliya har ta fara jin daɗi, don kowane layi ita ke da amsa. Sai ya karanta: “A dahuwa ta biyu a jefa kanwa kamar kan babban yatsana, kada a wuce haka.”

Sisiliya ta zabura. “Ƙarya ne! Kai ka ƙara wannan. Shekara talatin ina ganinta, hannu guda take zubawa.”

Inna ta ce, “Hannunta kika gani, ko abin da ke cikin hannun?”

“Ai a dunƙule yake.”

“A dunƙule yake don kada ɗan guntun ya faɗi a hanya, sakarya. Kin taɓa cewa ta buɗe ki gani?”

Sisiliya ta ga ƙasa na neman zamewa, sai ta kama abin da ya zo mata. Ta ce, “To ai ta zo mini a mafarki shekaranjiya, ta ce bana a ƙara kanwa.”

Inna ta buga sanda a ƙasa. “Tarana ta faɗi duk abin da za ta faɗa tana da rai, a gaban shaidu, ta sa aka rubuta. Ba za ta dawo da sabon zance ta ƙaryata kanta ba. Shekaranjiya kuwa na ji labarin abin da ya hana ki barci, ba yayata ba ce.”

Filibus ya ƙyalƙyale da dariya. Inna ta juyo da kunnenta wajensa. “Ka gama? Karanta na gaba.”

“A zuba, a rufe, a bar ta kwana uku. Kin ga, Inna, nan ban yi laifi ba. Ba a rubuta kwando ba.”

“Lokacin da take faɗa maka, ina kwandon yake?”

“Yana... gefen gadonta.”

“To sai ta ce ka rubuta abin da ke gaban hancinka? Wannan kwando na kakarku ne. Ba a sa masa sabulu, kakkaɓewa ake yi a shanya a rana. Abin da ya zauna a cikin saƙarsa shi ke tayar da sabuwar kalwa. Ba a rubuta shi, miƙa shi ake yi. Kai kuma ka kai ta ɗaki mai sanyi kamar baƙuwar da ba a so.”

Filibus ya cire tabarau ya goge. Ya ce, “Inna, tunda kin san komai, ki yi mana irin taki kawai mu huta.”

“Ba ni da irin tawa. Abin da aka ba yayata shi aka ba ni. Aikina in hana ku ƙari, in hana ku ragi. Akwai saura a takardar?”

“Layi ɗaya ne, amma ba ya cikin aikin, shi ya sa nake tsallake shi.”

“Karanta.”

Ya karanta a hankali: “Filibus ya riƙa hura wuta, Sisiliya ta riƙa duba tukunya, kada ɗaya ya ci abinci ya bar ɗaya.”

Sisiliya ta ƙura wa takardar ido. Abin da take yi wa kallon farar takarda da ƙafafun ƙuda, ashe muryar uwarta ce zaune a ciki, da irin yadda take jan magana. Ta share ido da bakin zane, ta ce, “Sake karantawa.” Ya sake. Ta ce, “To me kake jira? Tashi ka hura wuta.”

Haka aka yi. Malam ya durƙusa yana hura wuta har toka ta cika masa gira. Sisiliya ta gutsuro kanwa, ta buɗe tafin hannunta a gabansa da gaban Inna kafin ta jefa. Shi ya shimfiɗa ganye a kwandon da ya kira gidan cuta. Ran kwana na uku suka ɗaga buhu tare, ƙamshi ya tashi ya tsallake danga. Inna Gwamma ta ja numfashi, ta ce, “Yauwa. Ita ce.”

Ranar godiya Maman Dominik ta ɗanɗana miya a tafin hannu, ta rufe ido, sannan ta aika a mayar wa mai kanti da dunƙulen da ta saya a ɓoye. Aka sharce tukwane tas. A hanyar gida Filibus ya ce, “Yaya, kin dai ga amfanin takarda.” Sisiliya ta ce, “Na gani. Amma sai da kwando ta yi amfani.”

Ma'anar wannan misali ita ce, kuma ku buɗe kunne, don ba zan maimaita ba.

Iya Tarana ba daga nesa ta aiko da saƙo ba. Ta zauna da 'ya'yanta, sun ga hannunta, sun ji muryarta. Haka Allah ya yi da mu. Ba mu ne muka gano shi da wayonmu ba, shi ne ya ga dama ya bayyana kansa, kaɗan kaɗan ta bakin annabawa, daga baya ya zo da kansa cikin Yesu Almasihu, ya ci abinci da mutane, ya taɓa su. A cikin Yesu ya faɗi komai. Saboda haka in wani ya zo muku da mafarkin da ya ƙaryata abin da aka riga aka ba mu, ku tambaye shi me ya ci jiya.

Takardar ita ce Littafi Mai Tsarki. Kwandon shi ne gadon manzanni, abin da suka miƙa da baki da hannu, yadda ake addu'a, yadda ake baftisma, yadda ake Misa, daga wannan tsara zuwa waccan har ya iso ƙauyenmu. Mutum ɗaya ne ya ba da su, rana ɗaya, a ɗaki ɗaya, don aiki ɗaya. Inna Gwamma kuwa ita ce masu koyarwa na Ikkilisiya, Paparoma da bishof-bishof. Ba su fi Maganar Allah ba, hidimarta suke yi. Ba su da irin tasu. An ba su taimakon Ruhu Mai Tsarki su tsare, su bayyana, su hana ƙari da ragi.

Kada ku ja misalin ya wuce inda na tsaya. Kun lura takarda ba ta yi kuskure ba, kwando ma bai yi ba. Masu riƙe da su ne suka ɓata kalwa, da girman kai. Ku 'yan makaranta, da kuke shiga ɗaki da Littafi ku kaɗai, ku fito kuna cewa abin da ban gani da idona a rubuce ba babu shi, ku tuna da shuɗiyar roba. Wa ya adana muku Littafin har ya zo hannunku? Wa ya gaya muku shi ne shi? Mu kuma tsofaffi, ban cire kaina ba, ba duk abin da muka saba ba ne gadon manzanni. Wani abin kanwarmu ce, mun ga hannu a dunƙule muka cika sauran da zato. In an karanta mana abin da ya saɓa wa sabonmu, mu zauna mu ji, kada mu ce yaro ne ya ƙara.

Laifin da ya fi ba ni haushi shi ne shirun nan. Kowannensu ya ga ɗan'uwansa zai faɗa rami, ya kame baki don ya samu abin dariya. Kashi biyu na kalwa suka tafi a kan haka. Wanda ya san abu a cikin bangaskiya ya ɓoye don a ce ya fi, ɓarawo ne, ko da kullum yana layin gaba a coci.

Ran Lahadi bayan Misa ana zaman karatu a gindin mangwaro, katikis, malaminmu na addini, na wurin, in abu ya fi ƙarfinsa a kai wa Fada, limamin cocinmu. Mai iya karatu ya zo da Littafinsa, ya karanta layi ɗaya ya tsaya. Wanda bai iya ba ya zo da abin da iyayensa suka koya masa, ya buɗe baki ya yi tambaya, ba a biyan tara. Ni ban san ko harafi ɗaya ba, amma ba a taɓa fara zaman nan ba ni ba. Kuma duk wanda ya taho, ya buɗe tafin hannunsa mu ga abin da ke ciki kafin ya jefa mana a tukunya.